Wace illa ce ta wucin gadi a aikin layin dogo?

Dokar tantance illa ga muhalli ta 1992 ta sanya shimfiɗa sabon layin dogo cikin ayyukan da ba a fara su sai an yi cikakken nazari, an miƙa rahoto ga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, sannan an baje shi na kwanakin aiki 21 domin jama'a su karanta su faɗi ƙorafinsu. Mu a Kaduna abin ya shafe mu ƙwarai, tunda layin da ya taso daga Idu a Abuja, mai tsawon kilomita 186, wanda aka buɗe a 2016, a Rigasa ya tsaya, kuma na Kano da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 daga nan zai ɗora.

A irin wannan rahoto akan kasa illoli gida-gida. Akwai ta lokacin gini da ta lokacin zirga-zirgar jirgi, akwai ta kai tsaye da wadda ke biyo baya, akwai kuma mai gyaruwa da wadda ba ta gyaruwa. Ƙurar manyan motoci da ƙarar injina ba su da wuyar sha'ani, domin da an gama aiki sun tafi. Inda nake da ja shi ne gidan da ake kira na wucin gadi, inda akan ajiye illolin lokacin gini, saboda gidan da aka ajiye illa shi yake nuna ko za a ware mata kuɗin gyara.

Mu ɗauki ramukan da ake haƙa don ɗibar marmara. A takarda suna cikin illolin lokacin gini, amma idan ba a cike su ba, da damina ta sauka sun zama kududdufai, sauro ya samu mazauni, yara kuma su riƙa shiga wanka cikin ruwan da ba a san zurfinsa ba. Wannan illa ce ta dindindin, ko da haƙar ramin ba ta wuce wata biyu ba. Haka tudun cikon da ake ɗora dogo a kai: idan ya ratsa fadama kuma kwalbati ya yi ƙanƙanta, gefe ɗaya ya cika da ruwa, ɗaya gefen ya bushe, mai noman rani ya rasa lambunsa alhali ba a taɓa gonarsa ba, balle ya shiga jerin masu karɓar diyya. Burtalin da layi ya datse ma haka ne, domin shanu ba su fasa tafiya, sai dai su karkata ta gonakin mutane.

Illar da ke biyo baya ita aka fi rainawa, alhali garin Kaduna kansa ya bunƙasa ne a gefen dogo tun zamanin Turawa. Tasha tana jawo gidaje da kasuwa, gidaje kuma su cinye gonaki.

Saboda haka idan aka baje rahoto, ya kamata dagaci da arɗo da shugaban manoman rani su nemi a karanta musu jadawalin rabe-raben da Hausa, su duba gidan da aka sa ramin marmara da burtali, su kuma shigar da ƙorafinsu a rubuce kafin kwanakin su cika.