Dukiyar Mamaci da Hukumar Haraji: Karatuna a Birnin Washington

Kafin na baro Kano na yi aikin lauya na wasu shekaru, kuma rabon gado yana cikin abubuwan da na fi sabawa da su, domin a Jami'ar Bayero an karantar da mu dokar da muka gada daga Ingila tare da shari'ar Musulunci, sannan a bakin aiki ba a rasa 'yan'uwan da suka kai juna gaban alƙali a kan gida ko gona. Saboda haka da na sami gurbin digiri na biyu a fannin dokar haraji a wata makarantar lauyoyi da ke birnin Washington, sai na zaɓi darasin harajin kuɗin shiga na dukiyar mamaci da dukiyar amana tun a zangon farko.

Na kama ɗaki a Silver Spring ta jihar Maryland, inda haya ta fi sauƙi a kan tsakiyar birni, ina shiga jirgin ƙasa zuwa makaranta. Da yamma ake yin darasin, domin da yawa daga cikin 'yan ajinmu lauyoyi ne da ke aiki da rana, kuma a watan Disamba rana takan faɗi kafin ƙarfe biyar, don haka nakan yi sallar magariba a wani lungu na laburare, in shiga aji gari ya riga ya yi duhu. Bizar ɗalibi ba ta yarda mutum ya yi aiki fiye da awa 20 a mako ba, shi ma a cikin makaranta, kuma ko an yarda ba ni da lokacin, saboda sashe na 641 zuwa na 692 na dokar harajin Amurka, waɗanda su ne ƙashin bayan darasin, ba a karanta su a tsaitsaye. Malaminmu kan kira sunan wanda ya ga dama, ya ba shi lissafi ya warware a gaban kowa.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci kafin ya zauna a kaina shi ne matsayin dukiyar ita kanta. A wurinmu idan mutum ya rasu, akan cire kuɗin likkafani da jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, abin da ya rage kuwa na magada ne tun ranar rasuwa, ko da an shekara goma ba a zauna rabo ba. A Amurka, daga ranar da mutum ya cika har zuwa ranar da aka gama rabo, dukiyarsa takan zama mai biyan haraji mai zaman kanta, da lambarta daga hukumar tara haraji ta IRS, kuma muddin ta samar da dala 600 a shekara, wajibi ne mai kula da ita ya cike fom mai lamba 1041. Wannan daban yake da harajin gado da mutane ke jin tsoro, wanda a 2024 ba ya hawa kan dukiyar ɗan ƙasa sai ta haura dala miliyan 13.61. Gadon da mutum ya ci ba a lissafa shi a matsayin kuɗin shiga, amma kuɗin hayar da gidan mamaci ya kawo da ribar hannun jarinsa a watannin da ake jiran kotu, duk akwai haraji a kansu.

Dukiyar amana kuma ita ce wadda mai ita ya damƙa wa wani amintacce a rubuce, domin ya juya ta don amfanin wasu, galibi 'ya'ya da jikoki. Wanda ya san hukuncin wasiyyin marayu a mazhabar Malikiyya, wanda ke riƙe dukiyar yara yana fitar mata da zakka har su kai munzali, ba zai ji abin baƙo ƙwarai ba. Tambayar da darasin ya ginu a kanta guda ɗaya ce: idan dukiyar ta yi riba, wa zai biya haraji, ita ko wanda aka miƙa wa kuɗin? Dokar harajin Amurka ta 1954 ta amsa da wani ma'auni da ake taƙaitawa da DNI, wato iyakar ribar shekara da za a iya ɗora wa masu cin moriya. A ce dukiyar amana ta sami dala 50,000 daga haya, amintaccen ya ba ɗiyar mai dukiya 30,000. To ita za ta biya haraji a kan abin da ta karɓa, dukiyar kuma ta biya a kan sauran, ba a biya sau biyu. Idan kuwa ya ba ta 80,000 a wannan shekarar, harajinta ba zai wuce kan 50,000 ba, domin ragowar daga uwar dukiya ya fito.

Inda na fara ganin halin ƙasar a cikin lambobi shi ne a matakan harajin. A 2024 mutumin da ba shi da aure ba ya kaiwa matakin ƙoli na kashi 37 cikin ɗari sai kuɗin shigarsa ya wuce dala 609,350, amma dukiyar amana tana kaiwa wannan matakin da zarar ta wuce 15,200. Tun gyaran dokar 1986 aka matse matakan haka da gangan, saboda attajirai sun daɗe suna rarraba dukiya a asusun amana barkatai domin kowanne ya biya ƙaramin haraji. Sakamakon shi ne doka tana tura amintacce ya raba riba kowace shekara, har ta ba shi damar ya ɗauki abin da ya raba a kwana 65 na farkon sabuwar shekara a matsayin rabon bara. A ganina nan dokar ta yi karo da manufar amanar kanta, domin uban da ya ɗaure dukiya don kada matashin ɗansa ya ɓarnatar da ita, shi ne kuma hukuma ke cajin dukiyarsa mafi tsada idan aka hana yaron. Rangwamen da ake yi musu kuwa abin dariya ne, dala 600 ga dukiyar mamaci, 300 ko 100 ga dukiyar amana, ba a ƙara ko sisi ba tun 1954.

Mun kuma karanta shari'ar Clifford ta 1940, inda wani mutum ya sanya hannun jarinsa a amana don matarsa na shekara biyar amma ya riƙe linzami a hannunsa, Kotun Ƙoli ta ce harajin nasa ne. Sashe na 1014 shi ne ya fi ba ni mamaki: gidan da aka saya dala 100,000, mai shi ya rasu yana da darajar 400,000, idan magaji ya sayar a wannan farashin ba ya biyan harajin riba ko kaɗan, domin ƙimar ranar rasuwa ake ɗauka a matsayin kuɗin sayensa.

Ban san wannan karatu zai ba ni wurin zama a cikin Hausawan yankin ba sai wata Juma'a, lokacin da wani dattijo da ya daɗe da zama ɗan ƙasa ya ja ni gefe bayan an idar da salla.

"Barista, an ce harkar haraji kake karantawa. Mahaifinmu ya rasu a Kano, an ba ni gida a Nasarawa da shaguna a Kantin Kwari. Mutanen nan suna da rabo a ciki?"

Na ce, "Allah Ya jiƙan Baba. Ranka ya daɗe, ni ɗalibi ne, ba ni da lasisin ba da shawara a ƙasar nan, amma zan faɗa maka abin da za ka tambayi lauya."

Na bayyana masa cewa gadon ba shi da haraji, sai dai ɗan ƙasa ko mazaunin dindindin da ya gaji abin da ya haura dala 100,000 daga waje dole ne ya sanar da IRS a fom mai lamba 3520, kuma tarar rashin sanarwa kashi 5 cikin ɗari ce a kowane wata, har ta kai kashi 25 na darajar gadon. Kuɗin hayar shagunan kuma za su shiga lissafin harajinsa na shekara, domin Amurka tana bin 'yan ƙasarta da haraji a kan abin da suka samu ko'ina a duniya. Na ƙara masa da cewa idan shi kansa ya rasu a Maryland bai bar wasiyya a rubuce ba, dokar jihar ce za ta raba abin da ya mallaka a nan, ba za a nemi sanin tumunin mata ko rabon 'ya'ya yadda Alƙur'ani ya tsara ba.

Ya sami lauya, amma aikin ya tsaya a kan takardu, domin a zaure aka yi rabon, malamai biyu da dattawan gida suka zartar, ba a rubuta komai ba, alhali lauyan yana son shaidar rasuwa da takardar rabo da ƙimar kowace kadara a ranar da mahaifin ya cika. Sai da ƙanen Alhajin ya tara magada suka je kotun shari'a aka tabbatar da rabon a rubuce, aka ɗauko mai ƙiyasta darajar gidaje ya zagaya gidan da shagunan, sannan aka fassara takardun zuwa Turanci aka aiko, kuma fom ɗin ya shiga kafin 15 ga Afrilu.