Yadin waje, ɗinkin gida: yadda na shigar da riguna Amurka ta hanyar AGOA

Ina da wurin ɗinki a Kano, muna yin kaftani da riguna na maza. Da wani ɗan kasuwa a Amurka ya nemi mu riƙa ɗinka masa da yawa, bai fara da tambayar farashi ba. Cewa ya yi in faɗa masa inda aka saƙa yadin da inda aka kaɗa zarensa. Daga baya na fahimci cewa duk cinikin a kan amsar nan ya rataya.

Dalili shi ne kuɗin fito. Kwastan na Amurka na karɓar kashi 16.5 cikin ɗari a kan shat mai miƙewa ta auduga, idan kuwa ta zaren roba ce yakan kai kashi 32. Dokar AGOA, wadda Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a watan Mayun 2000, ta yafe wannan kuɗi ga tufafin ƙasashen Afirka kudu da Sahara da suka cika sharuɗɗa. Mai saye ya zo wurinmu ne don wannan rangwame, ba don mun fi Bangaladesh ko Biyetnam arha ba. Idan rangwamen ya faɗi, shi ma ya tafi.

Asalin ƙa'idar tana da tsauri. Rigar za ta shiga kyauta idan yadin na Amurka ne, ko kuma an saƙa shi a ƙasar Afirka mai cin gajiyar dokar da zaren Amurka ko na Afirka. Manufar a fili take: a kare masaƙun Amurka, a kuma ingiza Afirka ta saƙa nata. Sai dai an buɗe wata ƙofa ga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, wato waɗanda abin da kowane mutum ke samu a shekara bai kai dala 1,500 ba a 1998. Su an yarje musu su sayo yadi daga ko'ina a duniya, muddin a ƙasarsu aka yanka aka ɗinka. Najeriya na ciki, Afirka ta Kudu ba ta ciki. Ta wannan ƙofa ce Lesoto da Kenya da Madagaska suka zama manyan masu aika wandunan jins da shat zuwa Amurka, yawanci da yadin Asiya.

Ni ma ta nan na bi, domin ba ni da zaɓi. Na nemi yadin gida mai launi ɗaya da kauri ɗaya, wanda zan sake samun irinsa bayan wata uku, abin ya gagara. Wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana zai fahimci zafin wannan. Masaƙar KTL ta fara aiki ne tun 1957, masaƙar UNTL kuma ta rufe a 2007. Ga auduga a Funtuwa, amma tsakanin gona da teburin mai yanka akwai rami.

Aikin takardu shi ya fi cin rai. Rajistar mai fitar da kaya a NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya ta Najeriya, da cike NXP, fom ɗin fitar da kaya, a banki ba su ba ni wuya ba. Inda aiki yake shi ne takardar shaidar asalin tufafi, da hatimin biza da ake bugawa a kan takardar farashi, mai nuna rukunin da kayan suka faɗa. Yadin yankin Afirka rukuni na 4 ne, yadin waje rukuni na 5. Yardar da aka yi maka ka yi aiki da yadin Sin ba ta ɗauke maka nauyin nuna hujja ba. Dole ka iya nuna cewa bandir kaza ya shigo, an yanka riga kaza daga cikinsa, teloli kaza sun ɗinka a ranaku kaza. Tsoron hukumomin Amurka shi ne a ɗinka kaya a wata ƙasa, a biyo da su ta nan a manna musu sunan Najeriya. Wanda aka kama da wannan ana hana shi rangwamen har tsawon shekara biyar.

Wannan ya canja yadda nake sayen yadi. A kasuwa za ka sami shadda mai kyau, ka biya, a naɗe maka, babu wata takarda da ke faɗin daga ina ta fito. Don ɗinkin Sallah wannan ba komai. Don fitarwa kuwa, na koma ga dilan da zai ba ni rasit da takardun shigo da kaya, ko da ya fi tsada. A wurin aiki na ajiye littafi kusa da teburin yanka. Kowane bandir da lambarsa, mai yanka ya rubuta yadi nawa ya ɗiba, riga nawa ta fita, har ƙyallen da ya rage. Da farko yarana sun ga kamar rashin yarda ne, sai da na zaunar da su na nuna musu cewa littafin nan ne ke sa a sake ba mu aiki.

Inda zuciyata ta fi karkata shi ne rukuni na 9, na saƙar hannu da kayan gargajiya, wanda a 2004 aka ƙara masa atamfar da aka buga a Afirka. Nan ne saƙinmu da aikin allurarmu ke da daraja da babu mai kwaikwaya da arha. Amma shi ma da iyakarsa: kayan gargajiya ba a yarda a sa musu zif ko roba ba, kuma sai abin da gwamnatocin biyu suka amince da shi a jere. Atamfa kuwa sai in an saƙa farin yadin a Amurka ko a Afirka. Wadda aka buga a Sin aka kwaikwayi zanenmu ba ta shiga.

Ra'ayina game da ƙofar yadin waje bai zauna wuri ɗaya ba. Ba don ita ba da telolina ba su ga wannan aiki ba. Amma muddin tana buɗe, mai saye ba shi da dalilin jiran masaƙar gida. Masu cewa a rufe ta don a tilasta saƙa ban bi su ba, domin masaƙa wuta take so tsayayya da jari mai dogon zango, doka kaɗai ba ta kunna inji. Ga kuma rashin tabbas. A 2012 sai da ya rage makonni wa'adin yadin waje ya ƙare sannan majalisar Amurka ta sabunta shi. An cire Habasha daga AGOA a farkon 2022, masana'antun birninta na Hawasa suka girgiza, aka cire Nijar a farkon 2024. Sabuntawar da aka yi wa dokar a 2015 ma wa'adinta ya cika ranar 30 ga Satumban 2025. Saboda haka ban taɓa cin bashin keken ɗinki a kan odar Amurka kaɗai ba, kuma duk farashin da zan bayar sai na lissafa shi sau biyu, da kuɗin fito da kuma ba shi.