Kwana biyun farko bayan kamu su ne rabin shari'a

Duk lokacin da dangi suka kira ni cewa an kama ɗan'uwansu, tambayata ta farko ita ce: ya rubuta bayani, ya sa hannu? Na koyi cewa yawancin shari'o'in laifi da nake karewa a kotun majistare, tun a caji ofis ake ɗaure su ko a kwance su.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Mutanenmu ba sa amfani da wannan dama, suna ganin shiru tamkar amsa laifi ne. Sai a yi masa tambaya da Hausa, ɗan sanda mai bincike ya rubuta da Turanci, a miƙo masa biro ko a dangwala masa yatsa. Ya ce "na karɓi kuɗin don in sayo masa kaya, kasuwa ta juya", takarda kuma ta tsaya a "na karɓi kuɗin". Shi ya sa nake nacewa a karanta masa bayanin layi-layi cikin harshen da yake ji, a rubuta sunan wanda ya fassara, a ja layi a duk sararin da ya rage a ƙasan takardar kafin ya sa hannu. Idan duka aka yi masa ya amsa, sashe na 29 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba da hanyar watsi da bayanin, amma sai lauya ya yi suka a daidai lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar. In an bari ta shige a matsayin shaida, fitar da ita aiki ne ja. A ajiye takardar asibiti da hoton rauni tun yana ɗanye.

Batun tsarewa kuwa, in akwai kotu cikin tazarar kilomita 40, kwana ɗaya ne a gurfanar da mutum. In babu, kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama uwa ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema, ta kuma hana kama mutum kan rikicin bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Belin 'yan sanda kyauta ne.

Inda na fi jin takaici shi ne ranar farko a kotu. Za a karanta takardar ƙarar da ake kira FIR, a tambaye shi ko gaskiya ne. Wani ya riga ya raɗa masa a bayan kanta cewa "ka amsa kawai, alƙali zai tausaya maka". Da ya ce gaskiya ne, alƙali na iya yanke masa hukunci nan take, babu kiran shaida ko ɗaya, kuma sunansa ya shiga cikin masu tsohon laifi. Wanda bai fahimci tuhumar ba ya nemi tafinta, haƙƙinsa ne, ba a biyan ko kwabo. Wanda bai aikata ba, ko ya aikata wani ɓangare kawai, ya ce ba gaskiya ba ne, lauya ya nemi beli a zaman nan.

Kafin ranar nake sa dangi su tanadi mai tsayawa: mutum mai tabbataccen adireshi a yankin kotun, da katin shaida da hotunan fasfo. Mace ma tana iya tsayawa, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗi haka ƙarara. Kuɗin da alƙali ya ambata galibi alkawari ne a rubuce, sai wanda ake tuhuma ya gudu sannan a bi mai tsayawa da shi. Da yawa sun kwana gidan gyaran hali bayan an ba su beli, don kawai ba a samu mai tsayawa ba kafin a tashi aiki.

Tuhumar kisan kai ko fashi da makami dabam take. Majistare ba shi da hurumin sauraronta, sai dai ya aika mutum ajiya a jira shawarar ma'aikatar shari'a, kuma a nan fayil ke kwanciya wata da watanni. A dokar tarayya umarnin ajiya na farko bai wuce kwana 14 ba, sabuntawa sai da dalili. Jihohi suna da tasu dokar, kamar ta Kano ta 2019, don haka a duba wa'adin jihar. Ni ba na jiran shawarar ta fito: ina rubuta wa ma'aikatar takardar tuni da lambar ƙarar, in shigar da neman beli a babbar kotu. Wanda ba shi da kuɗin lauya, danginsa su je ofishin Legal Aid Council (hukumar gwamnati mai ba marasa ƙarfi lauya kyauta) na jiharsu da lambar ƙarar, sunan kotun da ranar da aka ɗage zaman.