Dabbobi huɗu, minti biyu

A gasar tantance dabbobi ta yaran 4-H, wata ƙungiya mai koya wa yara noma da kiwo a Amurka, huɗu-huɗu ake fito da dabbobin, kowace da lambarta daga 1 zuwa 4. Yaro zai duba su ta gaba da ta baya da ta gefe, in tumakin yanka ne har ya sa hannu ya lalubi gadon baya da haƙarƙari, sannan ya jera su a kati daga wadda ta fi kyau zuwa ta ƙarshe. In jerinsa ya zo daidai da na alƙalai, ya ci maki 50. In ya musanya biyu da suke kunnen doki, maki kaɗan za a rage masa. In kuwa ya ɗora ramammiya a kan zakaran gwajin dafi, sai ya ji a jikinsa.

Na ga wannan ne lokacin da nake karatun kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kansas, wadda malamanta suka taimaka wajen kafa tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya cikin shekarun 1960. Mu ɗalibai akan nemi mu riƙe dabbobi ko mu tattara katuna. Ƙungiyar 4-H tsohuwa ce, asalinta tun 1902 a jihar Ohayo, kuma duk Nuwamba zakarun jihohi kan haɗu a Luwisbil ta jihar Kentaki. (Akwai rukunin aladu ma, nan dai na kan nemi aikin katuna.)

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an miƙa kati. Kowane yaro zai shiga shi kaɗai gaban alƙali, ba takarda a hannu, ya kare jerinsa cikin minti biyu, kuma wannan ma maki 50 ne. Na ga wata yarinya da ba ta wuce aji biyu na ƙaramar sakandare ba, ta goya hannuwa a baya, ta ce ta ɗora karsana ta 3 a kan ta 1 saboda ta fi faɗin ƙugu da zurfin ciki, kuma in tana tafiya ƙafar baya na sauka daidai sawun ta gaba. Sai ta ƙara da cewa ta yarda ta 1 ta fi tsoka a cinya, amma kafaɗarta a miƙe take, takunta gajere ne. Dole ne a tsarin: sai ka faɗi alherin wadda ka kayar kafin ka faɗi aibinta. Yaron da jerinsa ya kauce ma zai iya tashi da maki mai kyau, muddin abin da ya ce ya gani yana jikin dabbar da gaske. Wanda ya ƙaga, alƙali ya kama shi nan take, don shi ma ya duba su.

A ganina mu ba ido muka rasa ba. Dillali a karar Wudil ko Maigatari zai buɗa bakin rago, ya matsa gindin wutsiya, ya faɗa maka shekarunsa da abin da mahauci zai samu a jikinsa, da wuya ya kuskure. Amma ka ce masa, “Baba, me ka gani?” sai ya ce, “Yaro, ai ido ne.” Ɗalibinmu kuwa zai rubuta shafi uku kan bambancin shanun Bunaji da Rahaji, ka kai shi turke ya rasa ta inda zai fara taɓa sa. Gasar nan tana tilasta wa yaro ɗaya ya haɗa biyun tun yana ƙarami, kuma abin da aka iya faɗa da baki shi ake iya koya wa na baya, shi ake iya gyarawa in an karkace.

Akwai wani ɓangaren da ake jera tebura, yaro ya gane abincin dabbobi da kayan aiki da yankan nama. Teburin da ya fi damuna shi ne na kwalbar magani. Ana ba shi ranar da aka yi wa sa allura, ya karanta rubutun jikin kwalba ya lissafa ranar da ya halatta a yanka, wato bayan maganin ya gama fita daga namansa. Allurar oxytetracycline mai dogon aiki, maganin kashe ƙwayoyin cuta, misali, sai an jira kwana 28. Duk wanda ya san yadda ake ɗirka wa dabbobin kiwo allura ana gobe kasuwa, musamman gab da Babbar Sallah, ya san ba yara kaɗai ke bukatar wannan teburin ba.

Yanzu in zan gwada ɗalibaina, raguna huɗu nake arowa daga masu kiwon unguwa, Balami ko Uda, duk wanda ya samu, in rubuta musu lamba da alli a kwiɓi. Mai ragunan nakan roƙe shi ya zauna kusa da ni, shi ma ya yi nasa jerin. In nasa da nawa suka saɓa, mu biyun za mu tashi mu kare kanmu a gaban yaran, kowa minti biyu.