Sirinji ɗaya, mutum biyar

Ranar da na fara shiga wani kango a Gombe inda masu allurar ƙwaya ke taruwa, jakata cike take da sababbin sirinji, bakina kuma cike da nasiha. Ba wanda ya ɗago kai. Can wani saurayi mai kumburarren hannu ya ce, "Malam, in allura ka kawo, ajiye. In wa'azi ne, mun sha ji."

A 2020 aka fara gwajin raba sirinji mai tsabta ga masu yi wa kansu allurar ƙwaya a jihohin Gombe da Oyo da Abiya, ni kuma na shiga a matsayin ɗan sa-kai. Mahaifiyata ba ta so ba. "Ai ƙara musu ƙarfi kuke yi," in ji ta. Ni ma zuciyata ba ta kwanta ba sai ranar da na ga mutum biyar sun haɗa kuɗi sun sayi fenta, wato maganin kashe zafin ciwo na allura da ake kira pentazocine, suka zagaya da sirinji ɗaya. Kowa sai ya ɗan zuƙo jini ya tabbatar ya sami jijiya kafin ya tura. Daga nan a ɗauraye da ruwan leda a miƙa wa na gaba. Ɗauraya ba ta kashe ƙwayar ƙanjamau, jinin da ya maƙale a gindin allurar ya isa, kuma ciwon hanta ma ta nan yake bi. Wadda ta yi ta ƙarshe mace ce, bayan maza huɗu. Haka na riƙa gani a kusan kowace matattara.

Wani bincike na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na manya a Najeriya ke ɗauke da ƙwayar ƙanjamau. A cikin masu allura, binciken 2020 ya sami kusan kashi 11. Da farko na ɗauka rashin sani ne ke jefa su. Ashe yawancinsu sun sani. Mai kemis ne ke korarsu in sun je sayen sirinji, kuma suna tsoron a kama su da shi a aljihu.

Na yi kurakurai biyu da har yau suke damuna. Na farko, na kawo mai gwajin ƙanjamau na yi shela a gaban kowa. Sati biyu ba wanda ya yarda ya zo inda nake. Gwaji a keɓe ake yinsa, mutum ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, na tsince tsofaffin allurai da hannu, ɗaya ta soke ni. Abin da ya cece ni, na san akwai maganin kariya da ake farawa cikin awa 72, a sha kwana 28. A daren na je asibiti. Tun daga nan ba na fita sai da safar hannu da hantsaki da akwatin zuba allurai.

Saurayin nan mai kumburarren hannu, sai da muka yi wata huɗu muna gaisawa kafin ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, ina son a auna ni, amma kada kowa ya ji." An same shi da cutar. Na raka shi ya fara karɓar magani kyauta, daga baya shi da kansa ya kawo matarsa, aka auna, ba ta da ita. Bai daina allura ba tukuna. Amma duk Talata yana jirana da gorar roba cike da waɗanda ya yi amfani da su, ya ƙirga ya ba ni, in ƙirga masa sababbi.