Kafin ku shiga ayarin masu tattakin asuba

Ƙannena, duk wanda ya saba bi ta wajen Filin Sukuwa a Kano bayan sallar asuba ya san su: dattawan da suka yi ritaya, 'yan kasuwa masu teɓa, mata cikin hijabi da kambas su uku-uku, kowa na zabga sauri. Na daɗe ina yi musu kallon waɗanda likita ya tsorata. A ganina mai zirga-zirga tsakanin ofis da kasuwa ai ya gama motsa jiki, na manta cewa tawa zirga-zirgar duk a cikin Adaidaita Sahu take. Sai da aka auna jinina aka ce ya haura 140 bisa 90, inda ake fara kiransa hawan jini, sannan na shiga taitayina. Ku da ƙuruciya ke tare da ku, kada ku jira a gaya muku haka.

Ni kaɗai na fara, ban kuwa je ko'ina ba. Hunturu na shigowa, bargo ya yi galaba. Amfanin tafiya cikin jama'a ke nan: ranar da ka yi fashi, kafin hantsi wani zai kira ka, "Malam, yau ba mu gan ka ba, lafiya dai ko?" Kunyar wannan tambayar tana tayar da mutum daga shimfiɗa fiye da niyyarsa. Ga mata kuwa abin ya fi haka, don fita da duku-duku cikin 'yan'uwa ta fi kwanciyar hankali, kuma maigida ko iyaye sun fi saurin amincewa.

Amma na yi wauta wajen zaɓe. Ina zaune wajen Kabuga, na tsallake mutanen da ke tattaki a titin Jami'ar Bayero (BUK) ta Ƙofar Famfo zuwa Gadon Ƙaya, na tafi can Nassarawa wai a nan manya suke. Kullum sai na hau abin hawa na ratsa gari don in je in yi tafiyar ƙafa! Kuɗin mota ya ishe ni, na fara fashi. Ku nemi ayarin da za ku tarar da ƙafarku daga ƙofar gida, ko da mutum uku ne. In babu, ku tsaya a bakin masallaci bayan an idar ku yi wa biyu magana.

Sai kuma gasa. A cikinmu akwai wani tsohon soja, ya girme ni nesa ba kusa ba, amma in ya miƙa sai dai ka hango ƙeyarsa. Na ce wallahi dattijo ba zai bar ni a baya ba. Da silifas fa. Kafin mako ya zagayo tafin ƙafata ya yi bororo, gwiwa ta kumbura, ko ruku'u da ƙyar. Shi ne da kansa ya ce mini, "Yaro, in kana tafiya kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, to saurinka ya yi daidai." Hukumar Lafiya ta Duniya ma abin da ta nema ga baligi shi ne aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato rabin awa sau biyar. Taku dubu goman da ake ta nuna wa juna a waya kuwa, asalinsa tallan wata na'urar ƙirga taku ne a Japan a 1965. Wanda ya kai, madalla. Wanda bai kai ba, bai yi asara ba. Kambas dai ku saya mai ɗan sarari a wajen yatsu, ko na gwanjo ne, ku sa da safa.

Abin da ya fi cutar da ni shi ne teburin mai shayi. Muna gamawa sai mu zube a benci, a haɗo mai kauri, madara da suga har cokali ya kusa tsayawa, ga Indomie da ƙwai biyu, ga burodi. Abin da tafiyar rabin awa ta ƙona, kwalbar lemo guda ma ta kusa mayar da shi, balle wannan lodi. Shi ya sa tumbina ya ƙi motsi. Hirar tana da daɗi, ku zauna a yi da ku, amma ku riƙe gorar ruwanku.

A titi ku bi gefen da kuke fuskantar motocin da ke tahowa, ku sa kaya masu haske, musamman in hazo ya sauka. Mai asma ya sa takunkumi ko ya bari ƙura ta lafa. Da bazara ku gama kafin rana ta ɗaga. Da azumi mu kan mayar da fitar bayan tarawihi. Mai ciwon suga ya riƙa duba ƙafarsa bayan ya dawo, don rauni kan same shi bai ji ba. Wanda ya ji ƙirjinsa ya ɗaure ko jiri na ɗibarsa ya tsaya nan take, ya nufi asibiti, kada ya ce sai ya ƙarasa zagaye.

In kun ga ayarinku ya fara zaɓen shugaba da ma'aji, ana karɓar kuɗin riga da na walima, zaman taro ya fi tafiyar tsawo, ku ja mutum biyu ku canza titi.