Abin da wanka ya koya mini wajen kula da masu ciwon mantuwa

A aikin kula da masu ciwon mantuwa, wanda wasu ke kira gigin tsufa, babu abin da ya ba ni wuya da farko kamar wanka. Idan dattijo ya ƙanƙame rigarsa ko ya kai mini duka, sai in ɗauka taurin kai ne. Ashe tsoro ne. Bai gane fuskarka ba, ga shi kana ƙoƙarin tuɓe shi a ɗaki mai sanyi. Ko kai ne abin da za ka yi ke nan.

Yanzu kafin in kira shi sai na haɗa komai: tawul biyu, sabulu, soso mai laushi, kujera mai jingina wadda ba ta zamewa, da kayan da zai sa a jere yadda za su shiga jiki. Ruwan da gwiwar hannu nake gwada shi, domin da yawansu ba sa iya cewa ya yi zafi, kuma fatar tsoho ba ta da kauri, nan da nan take salewa. Ta gabansa nake zuwa, in zauna idona daidai da nasa, in faɗi sunana ko da ɗazu na faɗa. Na daina tambayar "Za ku yi wanka?" saboda amsar kusan kullum a'a ce. Sai in ce, "Baba, ruwa ya yi ɗumi, ku taso mu je." Daga nan in yi shiru, in ƙirga goma a zuci. Ƙwaƙwalwarsa na bukatar wannan ɗan lokacin, in ka ƙara wata maganar a kai, ta farkon ma ta ɓace.

Tawul ɗaya ba ya barin cinyarsa har a gama. Wurin da zan wanke kaɗai nake buɗewa, in rufe kafin in wuce gaba. Daga ƙafafu da hannaye nake farawa, kai ne na ƙarshe, wani lokacin ma sai wata rana, don ruwa a fuska ba zato shi ya fi firgita su. Soson a hannunsa nake sa shi, in tallafo hannun daga ƙasa mu fara cuɗawa tare. Sau da yawa hannu na tuna aikin da baki ya manta sunansa, sai ka ga ya ci gaba da kansa. Cikakken wanka sau 2 ko 3 a mako ya isa, muddin ana wanke fuska, hammata da al'aura kullum, da duk lokacin da ya ɓata jikinsa, a kuma tsane matse-matsi sosai don kada fata ta ruɓe. In ya ƙi, ba na ja da shi. Nakan ba shi minti 20 zuwa 30 in dawo kamar ba a yi ba.

Kuskuren da ya fi tsaya mini a rai ba a banɗaki na yi shi ba. Wata dattijuwa ta tambaye ni ina mahaifiyarta, na ce ai ta rasu da daɗewa. Ta yi kuka irin na wanda ya ji rasuwa yanzun nan, bayan awa guda kuma ta sake tambaya. Yanzu sai in ce, "Mama, kuna kewarta ko? Ku ba ni labarinta." Ban yi ƙarya ba, ban kuma sa ta sabon makoki ba. Haka nan ba na yarda 'yan dubiya su riƙa cewa "Kin gane ni? Wane ne ni?" Jarrabawa ce da ta san za ta faɗi. Kuma ba a zancenta a gabanta kamar ba ta wurin, ko da ta daina magana, domin tana fahimtar murya da yanayin fuska.

Akwai abin da bai kamata a jingina wa mantuwa ba. Shi ciwon mantuwar, musamman nau'in Alzheimer wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu larurar, a hankali yake tafiya, cikin watanni da shekaru. In wanda jiya yake lafiya lau ya rikice cikin yini guda, ko barci ya yi masa yawa, to wani abu ne daban: ciwon sanyin mafitsara, taurin bayan gida, ƙarancin ruwa a jiki, wani ciwo da ya kasa faɗa, ko sabon magani. Ranar ake kai shi ga likita. Ba na gaggawar neman maganin kwantar da shi, don irin waɗannan magunguna na jawo faɗuwa, wasunsu ma na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Kafin mu tafi nakan duba takardar da nake rubuta kofin ruwa nawa ya sha, 6 zuwa 8 ake so a yini, da ranar da ya yi bayan gida na ƙarshe, in riƙe ta tare da kwalayen duk magungunan da yake sha.